Ambulan Saba'in da Ɗaya

Ƙungiyar 'yan Maraɗi da Damagaram mazauna Riyad tana zaɓen shugaba duk bayan shekara uku, kuma tun da aka kafa ta hanya ɗaya ake bi. Ranar Juma'a bayan La'asar a kama hayar istiraha, irin filin nan mai katanga da rumfa da ake biki a ciki, can bayan kasuwar Utaiƙa. 'Yan takara su tsaya, kowa ya bi bayan wanda yake so, a ƙirga kawuna. Wanda ya ƙirƙiro wannan tsari, Allah ya yafe masa, bai taɓa wanke tukunyar Balarabe ranar Juma'a ba. Ita ce ranar da gidajen Riyad ke cika da baƙi, surukai da jikoki da farantan shinkafa, ranar da shagala, wato 'yar aikin gida, ba ta samun zaman cin abinci, balle ta yafa abaya ta tafi bin layi. Mata sun kusa rabin ƙungiyar. A zaɓen da ya wuce guda bakwai ne suka zo.

Zouera na cikin bakwai ɗin. Shekara goma sha huɗu ta yi tana aikatau a gidajen mutane kafin Allah ya haɗa ta da wani kamfanin shara, ya tura ta makarantar 'yan mata. Aikin dai shi ne, bokiti da tsumma da bilic, amma akwai hutun Juma'a da Asabar, kuma ba mai ƙwala mata kira daga saman bene. Abokiyar faɗanta ɗaya a makarantar, na'urar da ake ɗora yatsa da safe don a san an zo aiki. Kullum sai ta gwada sau huɗu, sau biyar, ta tofa wa yatsan yawu ta goge a zani, kafin abin ya yi kore. Ta sha cewa na'urar ba ta son baƙar fata.

Ita ke riƙe da mabuɗin ɗakin mata. Ciki da falo ne a wani tsohon gini a unguwar Jaradiyya, ƙungiya ke kama hayarsa, ana sauke matan da aikinsu ya ƙare suna jiran takardar fita, da waɗanda kafil, ubangidan da ya kawo su ƙasar, ya watso wa kaya waje. A lokacin mutum ɗaya ce a ciki, Hansai, 'yar wajen Tasawa. Ta faɗo daga tsani tana goge tagar bene, ƙugu ya karye. Ubangidanta ya ajiye ta a asibiti ya kashe wayarsa, takardunta suka maƙale a wurinsa. Wata huɗu ke nan tana kwance a kan katifa, Zouera ke juya ta, ita ke kai ta bayan gida.

Sai ga Alhaji Laouali ya fito takara. Mai shagon aika kaya ne a unguwar Batha, mutum mai fara'a da turare, kuma bai ɓoye manufarsa ba. Ya ce ɗakin mata masifa ce da ke jiran rana, in hukuma ta leƙo ta tarar da mace ba takarda, ƙungiyar duka za a kwashe. Gara a mayar da wurin ofis, a sa kujeru, a riƙa karɓar manyan baƙi daga gida. Maza da yawa suka gyaɗa kai, don maganar ba ta rasa ƙamshin gaskiya, kuma ba ɗayansu da zai taɓa kwana a ɗakin. Mai riƙe da kujerar, Baba Mamane, tsohon direba ne mai tari, ya ce muddin yana nan ɗakin na nan. Amma kowa ya san in aka bi layi, Laouali ya gama cinyewa.

Shawarar ta fito ne daga bakin Muzammil, ɗalibi ɗan Kano da ke karatun fiƙihu a jami'a. Shi ƙungiya ke ɗaukowa ya kula da zaɓe, tunda ba ɗan Maraɗi ba ne ba ɗan Damagaram ba. Ya kawo wa Hansai magani wata Asabar da hantsi, ya tarar da Zouera tana ta sababi ita kaɗai a bakin ƙofa.

"Inna, akwai ƙasashen da ba sai mutum ya je rumfar zaɓe ba," in ji shi. "A aiko masa da takarda har gida, ya zaɓa, ya mayar ta gidan waya. Masu ra'ayin haka cewa suke yi, in mutum yana da haƙƙin zaɓe amma aikinsa ko ciwonsa ya hana shi zuwa, to an ƙwace masa ne a fakaice. Ƙuri'a ce ya kamata ta je ta same shi."

"Ku a can Najeriya haka ake yi muku?"

Ya yi dariya. "Mu da muke waje ko ta gidan waya ko ta taga ba mu da ita. Sai dai mu kalla a waya mu yi tsaki."

Zouera ba ta yi dariya ba. Ta tsaya da tsintsiya a hannu tana lissafin direbobin gidaje 'yan ƙasarsu da ta sani, da unguwannin da kowanne ke bi.

Ranar taron share fagen zaɓe ta miƙe a gaban maza ta faɗi abin da ke ranta. Ba ta iya jawabi ba, amma ta iya faɗa. Ta ce matan nan 'yan ƙungiya ne kamar kowa, sunansu na cikin littafi, in an yi rasuwa ana tunawa da su, in zaɓe ya zo a manta. Ta ce wanda ya sa zaɓe ranar Juma'a da La'asar ya riga ya zaɓi masu zaɓen. A buga takarda, a sa a ambulan, a kai wa kowace mace har ƙofar gidan da take aiki.

Laouali ya saurara har ta gama, sannan ya gyara zaman hularsa. "Hajiya Zouera, magana mai kyau. To amma wa ya gaya mana ba ke za ki zauna a Jaradiyya ki cike takardun duka da hannunki ba? Yawancinsu ba su iya sa hannu ba. In an ce ta waya, wasu madam ta karɓe wayar, kuma murya kowa na iya kwaikwayo."

Aka yi ta guna-guni. Zouera ta ji maganar na neman suɓuce mata, zuciyarta ta hau, sai idonta ya faɗa kan littafin rajista da ke gaban Muzammil. Babban littafi ne mai baƙin bango. Duk wanda ya shigo ƙasar ya shiga ƙungiya, a makonsa na farko ake rubuta sunansa da garinsu, ya dangwala babban yatsa a gefe.

"Ga shaida nan a gabanku," in ji ta. "Kowace ta dangwala yatsa a ƙarƙashin hoton wanda take so. A gwada da na cikin littafi. Yatsa ba ya ƙarya. Wadda nata bai yi daidai ba, a zubar."

"A zubar?"

"A zubar. Ni na faɗa."

Laouali ya ce ya yarda, a rubuta. Muzammil ya rubuta, 'yan takara biyu suka sa hannu, aka shafa fatiha. Zouera ta koma gida tana jin kanta kamar wadda ta yi sabon zani, ta ba Hansai labari har sau biyu, tana kwaikwayon yadda Alhaji ya gyara hula.

Mako uku aka yi ana rabon ambulan. Kada wani ya ɗauka abu ne mai sauƙi. Riyad ba gari ba ne da ake ratsawa da ƙafa, kuma ƙofar gidan Balarabe ba a ƙwanƙwasa ta don a gaisa da 'yar aiki. Direbobi suka riƙa ɗaukar ambulan da ɗan kushin tawada a aljihu. Wata a ba ta lokacin da ta fito zubar da shara, wata a cusa mata cikin ledar cefane, wata sai an jira madam ta shiga kanti an bar ta a mota da jariri. Akwai wadda aka koma wa sau biyar. Akwai waɗanda ba a same su ba sam, an canja musu gida ba wanda ya san inda suke.

Na Biba kuwa Zouera da kanta ta kai, don tare suka sauka daga jirgi shekarun baya. Wata Asabar da azahar, rana na dukan kwalta, direba ya ajiye ta a bayan wani katafaren gida a arewacin gari, kusa da durom ɗin shara. Ta yi kusan rabin awa a tsaye kafin ƙaramar ƙofa ta buɗe. Biba ta fito da leda biyu, ta rame, hannayenta jiƙe har gwiwar hannu, sun yi fari fat, warin bilic na tashi.

"Yaya Zouera, minti biyu gare ni. Ina abin?"

Ta goge hannu a gaban rigarta, ta juya baya ta dangwala, ta lashi bakin ambulan ta manne. Sai ta riƙe shi ba ta miƙa ba.

"Kin san tun da uwata ta haife ni ban taɓa zaɓen kowa ba? A gida an ce ban kai ba, da na kai kuma ina nan." Ta yi 'yar dariya. "Ki ce wa Hansai ta kwantar da hankalinta. Wa ya sani, gobe ni ce a katifar."

Daga ciki aka ƙwala kiran sunanta. Ta tura ambulan ɗin a hannun Zouera ta shige, ƙofar ta rufe.

Ta ƙarshe Hansai ce. Zouera ta tallafo ta, ta riƙe mata kushin, ta kau da kai don kada a ce ta gani. Ambulan saba'in da ɗaya suka taru, kowanne da sunan mai shi a baya. Ta zuba su a gwangwanin biskit, ta naɗe da ɗankwali, ta kai wa Muzammil.

Ranar zaɓe aka yi layi kamar kullum. Bayan Laouali mutum sittin da huɗu, bayan Baba Mamane arba'in da ɗaya, har da Zouera. Tazarar ashirin da uku. Ba ta ko damu ba, ta dubi gwangwanin a kan tebur ta ji sanyi a ranta. Yaran Laouali ma sun san lissafin, shi ya sa ba wanda ya yi tafi.

Muzammil ya zauna, wakilin kowane ɗan takara a gefensa. Ya buɗe littafin rajista, ya fito da ɗan gilashin nan da masu gyaran waya na Batha ke maƙalawa a ido, wanda ya aro don ranar. Ya farke ambulan na farko, ya nemo sunan a littafi, ya duƙa. Ya daɗe a duƙe. Ya ɗago, ya goge gilashin da bakin rigarsa, ya sake duƙawa. Sannan ya ajiye takardar gefe, ya ɗauki ta biyu. Ita ma ya ajiye ta kan ta farko. Ta uku haka.

"Malam, lafiya?" in ji Zouera.

"Inna, zo ki gani."

Ta zo ta karɓi gilashin. A cikin littafi ga yatsan Delou 'yar Madarumfa, ranar da ta shigo ƙasar shekara tara da suka wuce, zane rangaɗau, layi na zagaye layi. A kan takardar zaɓen kuwa, ƙarƙashin hoton Baba Mamane, wani shuɗin tabo ne sumul, ba layi ko ɗaya, sai tsaga biyu da suka ratsa shi. Kamar an dangwala ɗanyen dankali.

Ta ce tawadar ce ta yi yawa. Muzammil bai yi musu ba, ya ci gaba da farkewa. Ta Mariamou sumul. Ta Kyauta sumul. Ta Biba ko tsagar ma babu. Can aka samu ɗaya mai zane, aka duba, yarinya ce da ta zo wata biyar da suka wuce. Aka sake samun wata, ita ma sabuwar zuwa. A nan ne abin ya faɗo wa Zouera. Ta tuna hannayen Biba a bakin durom ɗin shara. Ta tuna na'urar makaranta da take zagi kowace safiya. Shekara da shekaru na bilic da omo da ruwan zafi da soson ƙarfe, safe da rana da yamma, sun cinye zanen yatsun matan nan kaf, kuma ba wadda ta taɓa zama ta duba, don wa ke da lokacin kallon yatsansa?

Da aka gama, goma sha biyu ne suka yi daidai da littafi, duka na Baba Mamane. Hamsin da tara suna gefe, kuma kowa na ganin inda tabon yake a kowace takarda.

"Jama'a, ku dubi Allah," in ji Zouera. "Kun san matan nan. Wasu ƙannenku ne, wasu kun yi musu rakiya filin jirgi. Direbobin da suka kai suna nan, a tambaye su. Ba ƙarya aka yi ba, aiki ne ya cinye hannun."

"Ban ce an yi ƙarya ba, Hajiya," in ji Laouali, a hankali, ba tare da izgili ba. "Amma ni ma ba zan iya rantsuwa a kan tabo ba. Wannan na iya zama yatsan kowa. Ga takardar da muka sa wa hannu. Ba ni na kawo sharaɗin ba."

"Kawo kushin."

Zouera ta danna babban yatsanta a tawada, ta buga a farar takarda a gabansu duka. Muzammil ya buɗo shafinta, na shekara goma sha bakwai baya, ya sa gilashi ya dubi wannan ya dubi wancan. Bai ɗago da wuri ba.

"Faɗa musu," in ji ta.

"Bai yi daidai ba, Inna. Babu zane."

"To ga ni tsaye. Kun ƙirga ni a layi ɗazu. Ni ce ko ba ni ba ce?"

Wasu suka sunkuyar da kai, wani ya shiga latsa waya. Muzammil ya ce yana da shawara, a kira matan ta wayar bidiyo ɗaya bayan ɗaya a ga fuskarsu su faɗa da bakinsu, in 'yan takara sun yarda. Laouali ya ɗaga kafaɗa ya ce a gwada, ya ba da lokaci zuwa Magariba. Ya san abin da yake yi. Juma'a ce, ƙarfe biyar na yamma, daidai lokacin da ake kwashe farantan rana ana ɗora gahawar baƙi. Zouera ta kira Delou, waya a kashe. Ta kira Mariamou, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta kira Biba sau uku, a na ukun wata murya ta ɗauka ta ce da Larabci tana aiki, ta kashe. Cikin hamsin da tara, mutum huɗu aka samu, ɗaya ma daga cikin bayan gida take raɗa.

Baba Mamane ne ya dafa tebur ya miƙe, ya yi tarinsa, ya ce a bari haka, alkawari aka yi. Ya miƙa wa Laouali hannu. Aka yi addu'a, aka fara raba lemo. Zouera ta ji haushin tsohon, ta ji haushin Muzammil da gilashinsa, amma duk bai kai haushin bakinta ba, bakin da ya ce a zubar. Kafin a watse sabon shugaba ya matso ya ce mata ba gaggawa, ta riƙe mabuɗin har ƙarshen wata, Allah zai kawo wa mara lafiyar mafita. Bai faɗi ta ina ba.

Muzammil ya biyo ta bakin titi da gwangwanin. Ya ce zai rubuta, zaɓe mai zuwa a gyara tsarin, a sa shaidu biyu maimakon yatsa. Ta dube shi. Yaron kirki ne, kuma da gaske yake. Ta ce masa zaɓe mai zuwa shekara uku ne, ƙarshen wata kuwa kwana goma sha ɗaya. Ta karɓi gwangwanin don nata ne, da takardu hamsin da tara a ciki, ta tari mota.

Ana kiran Magariba ta isa Jaradiyya. Hansai ta ji motsin mabuɗi, ta ɗago kai daga matashi. Ta dubi fuskar Zouera sau ɗaya, ba ta tambayi wa ya ci ba. Zouera ta zauna a bakin katifa ta faɗa mata komai, tabon da gilashin da wayoyin da ba a ɗauka ba.

"Har tawa aka zubar, Yaya?"

"Taki ta shiga. Malam ya ce duk cikin takardun ba wadda zanenta ya fito kamar taki."

Hansai ta ɗaga hannunta ta juya shi a hasken taga. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana wanke-wanke a garin nan, amma wata huɗu ke nan ba ta taɓa ruwan omo ba. Fatar ta yi laushi, zanen ya dawo tsaf, har da ragowar shuɗin tawada a gefen farce.

"Ashe sai mutum ya karye," in ji ta. Ta mayar da hannun ƙarƙashin mayafi. "Kwana nawa suka ba mu?"

"Goma sha ɗaya."

Hansai ta juya fuskarta bango. Zouera ta tura gwangwanin ƙarƙashin gado, ta shiga kicin. Kwanukan rana na nan a jiƙe. Ta buɗe famfo, ta zuba omo, ta sa hannu.